Nawa Injin Baffa Zai Yi?

A ƙasar Haɗeja ba kowa ne ke da asusu a banki ba, amma da wuya ka sami gidan da ba shi da abin da zai ɗaga ya kai kasuwa ranar da ta ɓaci. A wani gidan rago ne ɗaure a turke, a wani injin ban-ruwa ne, wani babur, wani keken ɗinki, wani kuma buhunan shanshera da aka jibge tun kaka ana jiran su yi tsada. Mu ma ɗalibai muna da namu. Duk wanda ya taɓa kwana a hostal a makon da za a rufe rajista ya san yadda wayoyi da laftof ke sauya hannu, ya kuma san irin kallon da mai saye ke yi wa wanda ya matsu. A gidanmu abin da ya zauna a matsayin banki shi ne injin yankan itace na Baffana, kuma da kuɗinsa na shiga HND. Shi ya sa nake so in ba ku labarin yadda aka yi masa kuɗi. Inji ɗaya ne, amma sai da ya yi farashi huɗu a cikin wata guda, kuma kowane farashi yana da hujjarsa.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina firamare bayan rasuwar mahaifin nawa. Da damina manomin shinkafa ne a fadama kamar kowa a ƙauyenmu. Da ruwa ya janye sai ya saɓa inji. A 2017 ya saye shi a Kano, na hannu, a kan naira 150,000. Stihl 070 ne, ƙirar kamfanin nan na Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926. Wanda bai taɓa ɗaga shi ba ba zai gane ba: kan injin kaɗai ya haura kilo 10, kafin a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, kafin a zuba mai. Idan aka tashe shi a bakin gari, na can ƙarshen gari ya san Baffa ya fito aiki.

Aikin kuwa iri-iri ne. Darbejiyar da ta sunkuyo kan katangar wani, a kira shi ya rage mata rassa. Iskar farkon damina ta kayar da tsamiya ta tare hanya, a kira shi. Mai gini yana son azara, a tsaga masa giginya. Masu bandar kifi suna son itace, masu sassaƙa suna son gungumen turmi. Akwai kuma bishiyoyin da ruwa ya kwanta a gindinsu shekara da shekaru har suka bushe a tsaye, abin da ya yawaita tun da kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Manya sun ce kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogi yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Yanzu a wasu wuraren ruwan ba ya tafiya, a wasu kuma ba ya zuwa. Ba zan ce muku duk abin da injin nan ya yanka matacce ne ba. Ɗanye ma ya yanka, da yawa, idan mai gona ya sayar da bishiyarsa. Da wannan kuɗin aka saya min yunifom, da shi aka biya min kuɗin jarrabawar fita sakandare.

Abu uku ne suka haɗu suka sa ya yanke shawarar rabuwa da shi. Na farko jikinsa. Ƙarar irin wannan inji ta wuce abin da kunne ke iya ɗauka ba kariya, Baffa kuwa bai taɓa toshe kunne ba. Yanzu sai ka zagayo ta damansa kafin ya ji ka sosai. Yatsunsa kuma suna yi masa dindiris da sanyin asuba saboda girgizar injin, har maɓallin riga yakan gagare shi. Na biyu ambaliyar 2022. Kowa a nan ya tuna watan Satumban shekarar, lokacin da matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga don kada ruwa ya shigo gari. Garin ya tsira, amma shinkafarmu ta tafi, bashin taki kuma ya tsaya. Na uku ni. A ƙarshen 2024 na gama shekarar sanin makamar aiki, sunana ya fito a HND, ga rajista, ga kuɗin ɗaki, ga wa'adi.

Ran nan bayan sallar isha'i ya ce da ni, “Kai ɗan boko, tunda lissafin kuɗi ka karanta, injin nan nawa zai yi?”

Na ɗauko biro. A aji an koya mana yadda ake rage darajar kayan aiki shekara-shekara: ka cire abin da za ka samu idan ya zama ƙarfen bola daga kuɗin da ka saya, ka raba sauran da shekarun da kake sa ran zai yi aiki. Na ba shi shekara 5, na ce 'yan jari-bola za su ba da 10,000. Saura 140,000, a raba biyar, 28,000 ke nan duk shekara. A wannan lissafin, tun 2022 injin Baffa ya koma naira 10,000. Da na gaya masa, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “To ka gaya wa littafin naka ya kawo min guda biyu a haka, gobe zan biya.”

Littafin bai yi ƙarya ba, tambayar da yake amsawa ce daban. An tsara wannan lissafi ne don kamfani ya raba kuɗin da ya kashe a kan shekarun da ya mori kayan, saboda riba da haraji. Ba ya leƙa kasuwa. Yana kuma ɗauka cewa naira ta jiya ita ce naira ta yau, mu kuwa mun san abin da ya faru. A ƙarshen 2017 dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, wato Baffa ya biya kimanin dala 415. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Injin nan ba a Kano ake ƙera shi ba, fulogi da fistin da sarƙa duk daga waje suke zuwa. Idan sabo ya tashi, na hannu yana biye da shi, domin wanda sabo ya gagara wajen na hannu zai gangaro. Da za a mayar wa Baffa dalarsa 415 cif, da sai an ba shi sama da naira 600,000. Wannan shi ne rufin ɗakin. Naira 10,000 ta littafi ita ce daɓen ƙasa. Ciniki na gaskiya yana wani wuri a tsakani.

Muka gaya wa dillali. Bayan kwana biyu ya zo da wani mutum daga wajen Malam Madori. Ya juya injin, ya ƙwanƙwasa, ya ja igiya, ya tashi a ja na biyu. Ya ce, “Malam, na saya 180,000.” Baffa ya ce albarka. Ya ƙara goma, Baffa ya ce albarka. Da zai tafi ya faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ya ce, “Ba raina kayanka na yi ba. Na taɓa sayen irinsa, fes a ido, sati uku ya yi. Yanzu duk wanda zan saya, kuɗin marar lafiya nake biya. In ya fito lafiyayye, rabona ne.”

Mutumin yana da gaskiyarsa. Kasuwa ta cika da 'yan Caina masu kama da na asali kamar an tsaga kara, har kalar lemo da fari, har tambarin, wani sai ka buɗe ciki kafin ka gane jabu ne. Na asalin ma, abin da ke kashe shi ba ya nunawa a waje. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota, a cikin fetur ake gauraya man da ke sanyaya masa fistin. Kamfanin ya ce idan da mansu ne, kashi 1 na mai a kashi 50 na fetur. Wani afareta don tsimi sai ya rage man, wani ya zuba baƙin man da aka juye daga mota, wani ya sayi fetur ɗin bumburutu da aka yi wa haɗi. Injin zai ci gaba da tashi, zai yi ƙara kamar lafiya lau, alhali a ciki fistin ya kakkarce. Mai shi ya sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai saye bai sani ba.

Daga baya a wani lakca na ji cewa wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan matsala a 1970, da misalin motocin hannu, har yana cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne: idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, zai taya kowanne da kuɗin tsaka-tsaki. Mai kaya mai kyau zai ga an raina masa, ya mayar da abinsa ɗaki. Sai kasuwa ta rage saura marasa kyau, masu saye su ƙara tsorata, farashi ya ƙara faɗuwa. Na yi dariya a zuciyata, don mutumin Malam Madori ya riga ya yi min wannan lakcar a tsaye a ƙofar gida. Kakanninmu ma sun taƙaita ta da cewa ba a cinikin biri a sama.

Maganin shi ne a sauko da birin ƙasa. Baffa ya ɗauki injin ya kai wa wani dattijon bakanike a cikin garin Haɗeja, wanda masu injin ban-ruwa da masu janareta suka yarda da maganarsa, ya ce duk mai so ya same shi a can a buɗe a gabansa. Ni na riƙe masa jakar kayan aiki, don haka na ga abin da ake dubawa, kuma zan faɗa muku ko wani zai amfana.

Da farko ya taɓa jikin injin ya tabbatar da sanyi yake. Ya ce mai wayo yakan tashi inji ya ɗumama shi kafin mai saye ya iso, domin inji mai ciwo da zafi yana tashi, da sanyi ne yake tona kansa. Sannan ya kama hannun igiyar tayarwa ya saki injin yana reto. Idan ya zube ƙasa da sauri, ringi ya cinye, iska na zurarewa. Na Baffa sai ya riƙa sauka a hankali, yana tirjewa. Ya kwance salansa ya haska tocila ta kafar, muka leƙa fistin ɗaya bayan ɗaya: sumul, babu karce. Ya cire fulogi ya duba kalar bakinsa. Ya tashi injin ya nufi wani kwali da bakin ƙarfen, ya ba shi wuta, mai ya fantsalo ya zana layi a kwalin, alamar man sarƙa na tafiya. Ya kashe, ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, ya duba haƙoran da ke jan sarƙa, ya ce waɗannan sun kusa, a sa ran canza su. Ya duba sarƙar ya ce magagari ya ci rabinta. Ya nuna inda mai ke ɗan tsattsafowa idan injin ya kwana a ajiye. Duka bai fi minti arba'in ba.

A wannan makon tayi ya tashi daga 190,000 ya koma 280,000, wani ya kai 300,000. Ba a canza ko kusa ɗaya ba. Abin mamaki, aibobin da bakaniken ya lissafa su ne suka fi kwantar wa masu saye da hankali. Da suka ji an faɗi na sarƙa da na yoyon mai, sai suka yarda babu wani babba da aka ɓoye. Shedar dattijon nan kaɗai ta ƙara wa injin wajen naira 100,000, shi kuwa abin da aka ba shi bai wuce kuɗin cefane ba.

Sai ga tayi na huɗu. Wani mutum ya zo har gida da yamma a kan babur, bai nemi a buɗe komai ba. Ya ce ya san injin, ya sha jin kukansa. Ya ce, “Alhaji, 420,000, yanzu in tura maka ta waya.” Kowa a unguwa ya san sana'arsa: gawayi yake haɗawa a daji, ana lodawa a mota zuwa birni.

Na daɗe ina tunanin me ya sa shi zai iya biyan abin da sauran ba za su iya ba. Amsar tana cikin darasin da muka fi raina wa a aji: darajar kayan aiki ita ce abin da zai samo wa mai shi nan gaba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai yankan itace na cikin gari, wanda ke jiran a kira shi ya rage darbejiya, aikinsa ya ragu, domin masu gida sun koma kiran mai gatari. Amma tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa a birane kan gawayi da itace. Mai gawayi ba ya jiran a kira shi. Idan kuma yana shiga inda ba a yarda a shiga ba, ba ya sayen bishiya a hannun mai gona, ba ya biyan kuɗin izini. Fetur ne kawai da ladan yara. Ƙirya ko marke da ta shekara hamsin tana tsaye, injin nan zai kwantar da ita kafin shayi ya huce. A wata biyu ya mayar da kuɗinsa. Ƙarin 120,000 da ya ɗora a kan tayin sauran, daga jikin daji zai fito.

Daji kuwa a wajenmu yana da suna. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu. A 2008 aka sa ta cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga ta zuwa gandun daji na ƙasa. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Gwamnatin jiha ta sha sanar da hana sare bishiya ba izini, maƙwabciyarmu Kano ma a 2025 ta ce sai da lasisi za a riƙe irin wannan inji. Doka irin wannan tana taɓa farashi ta fuska biyu. Mai bin ƙa'ida yana rage tayinsa, don ya san akwai takarda da jira da yiwuwar a ƙwace. Wanda ya riga ya shirya aikin dare, bai rage komai ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kowa a cikinsu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Goruba tana ba mata kabar tabarma da faifai. Bagaruwa tana ba majema abin jima. Giginyar da za a tsaga a yi azara a yini ɗaya, wanda ya ga tsirowarta da wuya ya ga girmanta. Saiwoyin giyayya da ke bakin ruwa suna riƙe gaɓa. Ranar da aka sare su babu wanda ke kai wa mai inji takardar bashi, mu da ke zaune a fadama ne muke biya a hankali.

Daren nan an yi magana a gidanmu. Inna, matar Baffa, wadda ita ta raine ni, ta tsaya a kan a karɓi 420,000, kuma wallahi hujjarta ba ta wasa ba ce. Ta ce, “Malam, in ka hana shi naka, jibi zai shiga mota ya je Kano ya sayo wani. Dajin ba zai tsira ba, mu ne kawai za mu tashi da asara. Yaron nan ga wa'adi ya matso, ga masu taki suna sallama kullum.” Ni dai ban ce uffan ba, domin a kaina ake maganar, duk abin da na faɗa zai zama son kai ko kuma iyayi.

Baffa bai kawo zancen hamada ko tsuntsayen Turai ba. Ya ce, “Shekara bakwai duk wanda ya ji kukan injin nan ya san ni ne. Gobe in aka ji shi a cikin gandu da tsakar dare, sunan wa za a kira? In ma'aikatan daji suka kama shi, ƙofar wa za a fara ƙwanƙwasawa? Sannan yaron nan da ya shekara shida yana ɗaukar min galan, in sallame shi da me, da hannu?”

Yaron da yake nufi ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, wanda ya koyi aikin a hannunsa tun daga wasa sarƙa. Da safe aka kira shi. Ya durƙusa ya ce, “Maigida, ni abin da zan iya haɗawa yanzu 200,000 ne, sai na sayar da tumakina biyu ma.” Aka tsaya a kan 330,000: 200,000 a hannu, 130,000 a biya sau uku bayan an yanke shinkafar rani. Ni na rubuta takardar, da lambar injin, da aibobin nan da bakanike ya lissafa ɗaya bayan ɗaya duk da ya fi mu saninsu, mai unguwa da mutum biyu suka sa hannu. Dillali ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni, don a kan 420,000 ya riga ya yi nasa lissafin.

In za a bi ta biro, asarar ta wuce 90,000 da ake gani. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, saboda haka 130,000 da za ta shigo bayan wata shida ba ta kai 130,000 ta ranar ciniki ba. A dala kuma, 330,000 wajen 220 ce, kusan rabin abin da Baffa ya biya a 2017. Amma injin da ya yi shekara bakwai yana ciyar da gida, ya kuma dawo da rabin kuɗinsa, ai da tsohuwar zuma aka yi magani. Ɗan Caina da aka saya a shekarar da rabin kuɗin, yau da kilo ake auna shi. Giɓin da ya rage a kuɗin makarantata, Inna ce ta cike shi da ɗaukar adashenta da buhu biyu na shanshera, ba ta kuma fasa faɗin cewa ita ce da gaskiya ba. Mai gawayin ya sayo wani injin kafin wata ya ƙare, kamar yadda ta ce.

To wa ya yi daidai? Ni a ganina Inna ta fi mu fahimtar kasuwa, Baffa kuma ya sa wa sunansa kuɗi ya ga ya fi 90,000. Ƙin sayarwar mutum ɗaya ba ya tsare daji. Abin da zai tsare shi sai ya haɗa da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci, da rajistar injina da lambobinsu don a san na wa ne ke kuka a ina, da makamashin girki da talaka zai iya saye, da gonakin itace irin su turare da darbejiya da aka shuka don a sare. Muddin buhun gawayi ya fi tukunyar gas sauƙi, mai shiga gandu zai ci gaba da fin kowa tayi.

Ga 'yan uwana da za su sayar da wani abu a simistar nan, ga abin da na tsinta. Kada ka bari sai saura kwana biyu a rufe rajista, domin matsuwa tana da wari, mai saye yana jin ta daga nesa. Ajiye rasit da kwali. Faɗi aibin kayanka da bakinka kafin a gano. Ka tambayi kuɗin sabo na yau, ka manta da abin da ka biya shekara uku da suka wuce. In bashi ne, a rubuta, a sa shaidu, ko da ɗan ɗakinku ne. In kai ne mai saye, araha ba ta ado: ka je da wanda ya san ciki, ka biya shi.

Akwai kuma shawarar da nake so ƙungiyar ɗalibai ta duba, musamman 'yan sashen injiniyan inji da na aikin gona. Daga Auyo zuwa Guri, fadamar nan cike take da injinan ban-ruwa, da janareta, da injin casar shinkafa, da injin niƙa, yawancinsu na hannu, kuma duk farkon noman rani ana cinikinsu cikin zargi da rantse-rantse. Abin da dattijon bakaniken nan ya yi da tocila da kwali, muna da na'urar awon matsin iska da za ta yi shi da lamba a wokshof. Me zai hana ranar Asabar ɗaya a wata a buɗe rumfa a bakin get, ƙarƙashin kulawar malami, manomi ya kawo inji a duba masa, a ba shi takarda mai hatimi da ke faɗin lafiyarsa da aibinsa, ya biya ɗan abin da ba zai dame shi ba? Mai sayarwa zai sami kuɗin kayansa, mai saye zai san abin da ya ɗauka, mu kuma mu taɓa inji na gaske kafin mu karɓi difloma. Wanda ke da sha'awa ya ajiye sunansa da lambar ajinsa a ofishin ƙungiya, in mun kai mutum goma sai mu rubuta wa shugaban sashe.